Tambayoyi da amsoshi: kai tarihin gidanku zuwa ƙarni na 18

Tun da na ajiye alli na koma taya mutane bin salsalar gidajensu a nan Kaduna, tambayoyin da ake yi mini ba su cika canzawa ba. Yawancin masu zuwa sun riga sun tattara sunayen kakanni biyar ko shida, sai su tarar sunaye ne kawai a jere, babu gari, babu shekara, babu dalilin da ya sa wane ya tashi daga nan ya koma can. Ga abin da nakan faɗa musu.

Ƙarni na 18 ɗin nan daga yaushe zuwa yaushe ne?

Daga 1701 zuwa 1800 a lissafin Miladiyya. A lissafin Hijira ya kama daga wajen 1112 zuwa 1215, wato yawancinsa ya faɗa cikin ƙarni na 12. A nan mutane kan rikice, domin takardun malamanmu da Hijira suke ƙirga. In kana son juya shekara da sauri, ninka ta Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Shekarar 1200 za ta ba ka 1786, kuskuren ba ya wuce shekara guda.

Amma kada ka je gaban tsoho kana ce masa ƙarni na 18. Ce masa zamanin Haɓe, ko kafin Shehu, ko kafin jihadi. Da wannan ma'aunin yake riƙe da labarinsa.

A Kaduna aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Daga ina zan fara?

Daga garin da kakanku ya baro. Birnin Kaduna yaro ne a cikin garuruwa. Layin dogo ya ratso wurin a 1911, Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Kafin wannan lokacin ƙauyukan Gwari da wasu ƙananan matsugunai ne a gefen kogin. Duk gidan Bahaushen da ke Tudun Wada, Unguwar Shanu, Kawo ko Rigasa, akwai wanda ya kawo shi: aikin reluwe, soja, ɗan sanda, kasuwanci, almajiranci, ko masaƙun Kakuri da suka fara aiki tun 1957. Sunayen unguwanni ma suna faɗa maka haka, dubi Unguwar Kanawa da Tudun Nufawa.

Nemo wannan mutumin da ya fara sauka. Sannan ka matsa sai an gaya maka ƙauye da unguwa, domin "mu Kanawa ne" ko "daga Zariya muke" bai isa ba. Mutumin Soba ko Maƙarfi, in ya zo Kaduna, Zariya zai ce maka.

Kakanni nawa zan ƙirga kafin in kai can?

Bakwai ko takwas in ka ɗauki shekara 30 tsakanin uba da ɗa. Sai dai a gidajenmu wannan lissafin yakan zame, domin dattijo mai shekara 60 yana haihuwa, ɗan autansa kuma ya sake yin haka. Na ga gidan da suna biyar kacal suka kai su ƙarshen ƙarni na 18. Saboda haka a kan kowane suna ka tambaya: ɗan fari ne ko auta? Ya san kakansa da ido?

Ni kaina na ci karo a nan. Baffana ya lissafo mini suna takwas, na yi ta murna na kai 1740, har na buga na raba wa 'yan'uwa a wajen wani ɗaurin aure. Bayan shekara biyu na je ƙauyenmu gaisuwar rasuwa, wani dattijo ya saurare ni ina karantawa, ya ce, "Malam, waɗannan biyun ai wa da ƙane ne, ɗayan ya gaji limanci daga ɗayan." Ashe jerin limaman masallacin aka ba ni, ba jerin haihuwa ba. Da na gyara, shekara 30 suka zube nan take. Duk jerin da ya fito daga gidan sarauta, limanci ko sarkin sana'a, ka duba shi da wannan idon.

To me ke faruwa a ƙasar Hausa a lokacin?

Babu daula ɗaya. Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Zamfara, Kabi da Daura kowace da sarkinta, suna ciniki suna kuma yaƙar juna, Barno tana gabas ana jin nauyinta.

Kano ce ta fi samun wanda ya rubuta mata labari. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, wani Bature mai suna Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya jero sarakunan Kutumbawa na wannan ƙarni: Muhammadu Sharefa daga 1703 zuwa 1731, Kumbari zuwa 1743, Alhaji Kabe zuwa 1753, Yaji zuwa 1768, Babba Zaki zuwa 1776, Dauda Abasama zuwa 1781, sai Alwali wanda jihadi ya tarar. Waɗannan shekarun lissafa su aka yi daga tsawon mulkin kowane sarki, don haka ka riƙe su da sassauci. Abin da ya fi amfani ga mai binciken gida shi ne ƙananan bayanan da ke ciki. Littafin ya ce a zamanin Sharefa wuri ya shigo ƙasar Hausa, kuma shi ya ƙirƙiro haraji iri-iri. Ya ce Kumbari ya matsa wa kasuwar Kurmi da karɓar kuɗi har ta kusa mutuwa, ya sa har malamai biya, Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa da yawa suka fice zuwa ƙauyuka. Ya ce Babba Zaki ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ya kuma ambaci yunwa a zamanin Alwali.

Katsina a lokacin ita ce babbar kasuwar da ayarin Sahara ke sauka, ga malamai a birni da kuma 'Yandoto. Wani ɗanta, Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, a Alƙahira ya rasu a 1741, ka ga ke nan mutanen wancan zamani ba zaune suke wuri ɗaya ba.

A yamma kuwa Gobir ce ke tasowa. Wajen shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka zauna a Alƙalawa, Zamfarawa suka watsu. A cikin wannan ƙasar aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta a 1754. Ya fara wa'azi wajen 1774, ya yi zamani da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo. An haifi ɗansa Muhammadu Bello a 1781, 'yarsa Nana Asma'u a 1793. Hijira zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto duk a 1804 suka faru, wato jihadin kansa ya faɗa ƙarni na 19, amma mutanen da suka yi shi, da waɗanda aka yi shi a kansu, duk haihuwar ƙarni na 18 ne.

An ce kakanmu ya baro Kano saboda zaluncin sarki. Zan iya rubuta cewa Kumbari ne ya kore shi?

A'a. Za ka iya rubuta cewa gidanku na cewa zalunci ne ya taso shi, cewa lissafin kakanni ya ajiye shi tsakanin 1720 da 1760, kuma Tarihin Kano ya nuna a cikin waɗannan shekarun an yi sarkin da harajinsa ya kori mutane daga birni. Abu uku ke nan, kowanne da inda ya fito. Mai karatu zai ga sun dace da juna, ya kuma ga iyakar abin da ka sani.

Amfanin tarihin zamani ga binciken gida shi ne ya auna maka labarin da ka ji, ya nuna maka ko zai yiwu. Wani lokaci ya ƙarfafa shi, wani lokaci ya rushe shi. Idan aka ce kakanku na bakwai ya yi fatauci da sulalla masu hoton sarkin Ingila, ka san an ɗauko abin jiya an kai shi shekaranjiya. Idan aka ce ya biya sadaki da wuri, zambar kaza, wannan ya zauna daidai.

Mu Zagezagi ne. Me ya kamata in sani game da Zazzau musamman?

Cewa sarautar ta rabu biyu, kuma rabin labarin yana Suleja. Sarakunan Haɓe ne ke mulkin Zariya a duk ƙarni na 18. Wanda aka fi tunawa a ƙarshensa shi ne Jatau, har yau akwai ƙofa mai sunansa a ganuwar birnin. Ɗansa Muhammadu Makau shi jama'ar Malam Musa, jagoran jihadi a Zazzau, suka fitar, ya yi kudu da mutanensa zuwa Zuba. Ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da aka mayar wa suna Suleja bayan an ba sabon babban birnin ƙasa sunan. Sarautu da al'adun fadar Haɓe da yawa can suka tsira. Duk wanda aka ce masa kakansa bafaden Haɓe ne, ko mai wata sarauta da ba a jin ta yanzu a Zariya, ya shiga mota ya nufi Suleja.

Za ka ga wasu littattafai sun ce Malam Musa ya hau a 1804, wasu sun ce a 1808 ya shiga birnin. Rubuta duka biyun ka faɗi inda ka samo kowace.

Gidajen sarautar Fulani huɗu na Zazzau, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, bayan jihadi suka soma mulki. Amma iyayensu da malamansu sun riga sun zauna a ƙasar ko suna zirga-zirga cikinta, kuma akwai tsoffin unguwannin malamai irin Kona da suka girme jihadi. A kudu kuma akwai garuruwa irin Kauru, Kajuru da Lere, masu alaƙar sarauta da ciniki da Zariya tun da daɗewa, a tsakiyar al'ummun da ba Hausawa ba. In salsalarku ta bi ta can, da wuya ta zama ta ƙabila ɗaya tsantsa. Littafin M. G. Smith a kan mulkin Zazzau, wanda ya fito a 1960, ya yi ƙoƙarin zayyana yadda fadar Haɓe take, ya dogara sosai da abin da mutanen Abuja suka adana.

Gidanmu fatake ne, an ce har Gwanja suke zuwa. Wannan ya kai ƙarni na 18?

Hanyar goro ta kai, har ta wuce. A tsakiyar ƙarnin, daular Asante ta mamaye ƙasar Gwanja da ke arewacin Gana ta yau, ciniki ya ƙara ƙarfi, daga baya Salaga ta zama babbar kasuwar da Hausawa ke sauka. Ayari kan tafi da kanwa, tufafi, fatu da dabbobi, ya dawo da goro a kan jakuna, tafiyar watanni, madugu na gaba. Tambayi tsoffinku ko ku Agalawa ne, ko Tokarawa, ko Kambarin Barebari. Waɗannan su ne manyan zuriyoyin fataken goro. Agalawa da Tokarawa asalinsu daga arewa ne, cikin Bugaje, Kambarin Barebari kuma daga Barno, suka yi ƙarfi a Gummi. Kafuwarsu a ƙasar Hausa ta faro ne daga wajen ƙarshen ƙarni na 18. In amsar ta zo e, ka sami igiya mai ƙwari. Kada kuma ka yi mamaki in ka tarar da dangi a zangon Kumasi.

Zan sami sunan kakana a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa ko a Arewa House?

Na ƙarni na 18, da ƙyar, sai fa in sarki ne ko shahararren malami. Ba a yin rajistar haihuwa ko ta aure a lokacin. Duk da haka ka je, tunda Allah ya ajiye mana su biyun a cikin gari.

A ma'ajiyar ƙasa reshen Kaduna, abin nema shi ne rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta lokacin da suke zagaya gundumomi don tsara haraji, a shekarun farko na mulkinsu. Kafin su yanka wa gari kuɗi sukan tara dattawa su tambayi wanda ya kafa shi, daga ina ya zo, dagatai nawa aka yi. Tsohon da ya ba da amsa a 1912 yana iya zama jikan wanda ya ga jihadi da idonsa. Akwai kuma littafin lardin Zariya da wani jami'in Turawa mai suna Arnett ya haɗa a 1920, da takardun kotunan alƙalai inda shari'ar gado kan jero dangi. Ka karanta su kana sane da cewa ta bakin tafinta aka yi maganar, kuma dagaci yana gaban Bature yana kare kujerarsa.

Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1970, tana da rubuce-rubucen Larabci da ajami da kundayen bincike na ɗalibai. Waɗannan kundayen mutane kan raina su, alhali sau da yawa wani ɗalibi ya riga ya je ƙauyenku shekara 40 da suka wuce ya yi hira da tsoffin da yanzu babu su. Ka tafi da sunan gunduma kamar yadda Turawa ke rubuta shi, da sunan da garin ke amsawa a da.

Muna da tsoffin takardu a gafaka. Yaya zan san shekarunsu?

Da farko kada ka jera su yadda ka ga dama. Littattafanmu ba ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, kalmar da ke ƙasan shafi ita ce farkon na gaba. Ɗauki hoton kowane shafi da waya yadda ka same shi.

Sannan ka duba shafin ƙarshe. Nan mai kwafa kan rubuta sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da wanda ya yi wa aikin, da rana da wata. Shekarar takan zo da ramzi, wato haruffa a madadin lambobi. A lissafin da malamanmu ke bi, irin na Magariba, harafin shinun 1000 ne, ra kuma 200, don haka shinun da ra tare 1200 ke nan. Kai wa malamin zaure, ya fi ɗan boko saurin warware shi. Ka lura, shekarar tana iya zama ta wallafa littafin, ba ta kwafar da ke hannunka ba.

In ka ɗaga warƙa a hasken rana kana iya ganin jinjirin wata uku a jikin takardar. Daga Italiya ake kawo irinta ta Sahara. An daɗe ƙwarai ana amfani da ita, saboda haka ita kaɗai ba za ta ba ka shekara ba. Gefen shafi ma abin dubawa ne, can wani kan rubuta ranar da aka haifa masa ɗa ko bashin da yake bin wani.

Kusan kowane gida cewa yake kakansu ya yi karatu wurin Shehu, ko daga gabas suka zo. In yarda?

Ka rubuta, kada ka rantse. Da duk masu faɗar haka gaskiya ne, da Ɗegel, garin da Shehu ya zauna yana karantarwa, ta fi Kano cika. Bayan jihadi kusanci da Shehu ya zama daraja, zama Bahaushen Haɓe ya zama abin da ba a cika tallatawa ba, gidaje da yawa suka gyara labarinsu daidai da zamani. Gwada shi da tambayoyi: wane littafi ya karanta, wa ya ba shi ijaza, ina kabarinsa, akwai wani gida dabam da ya san wannan labarin? Labarin da ke da ƙananan bayanai marasa daɗin faɗa ya fi kama da gaskiya a kan wanda ya fito sumul.

In na gano akwai bauta a salsalarmu fa?

Za ka iya ganowa, ta kowane ɓangare: waɗanda aka mallaka da waɗanda suka mallaka. Yaƙe-yaƙen ƙarni na 18 suna samar da bayi, ƙasar Zazzau kuma tana cikin wuraren da abin ya yi yawa, ga rinji a ƙauyuka. Wasu an bi da su ta Sahara, wasu ta ƙasar Yarbawa zuwa bakin teku, har aka sami Hausawa a Bahiya ta ƙasar Barazil. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga lokacin ɗa ne, ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kakar da aka ce "ba a san danginta ba" ko "daga kudu aka kawo ta", sau da yawa nan maganar ta dosa.

Ni ra'ayina a rubuta, domin ita ma kaka ce, jininta ne ke jikinka. Amma ka shawarci manyan gida kafin ka watsa, kuma kada ka fallasa asalin wani gidan da bai sa ka ba. Har yau akwai auren da irin wannan magana ke rusawa.

Me ya sa sunayen mata ba sa fitowa?

Saboda maza kake tambaya. Je ka cikin gida. Sai dai ka shirya wa alkunya, domin tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko surukinta ko ɗanta na fari ba.

Na taɓa zama da gwaggona a Tudun Wada, tana tsinkar zogale a faifai, na ce, "Gwaggo, yaya sunan kakan Malam?" Ta ce, "Kai dai ba ka da ta ido. Mai sunan yaron can ne," ta nuna jikanta da haɓa. Na ce daga ina ya zo, ta ce ba ta sani ba. Can da muka shiga hirar biki sai ta kama rera waƙar da kakarta ke yi in tana daka, a ciki aka ambaci wani gari da rijiyarsa. Na nemi garin na same shi a ƙasar Katsina, kufai ne yanzu, mutanensa sun koma gaba kaɗan. Awa biyu ina tambaya ban samu ba, waƙar daka ta ba ni.

Tambayi mata wa aka yi wa takwara, domin suna yakan dawo bayan tsallake ɗaya. Tambaye su abin da gidanku ba ya ci, da inda ake kai amarya ko jariri a da.

Zanen fuska da wasan barkwanci suna da amfani?

Suna da shi, a matsayin alama. Tsagar Gobirawa da ta Barebari ba su ɓuya, tsohon wanzami zai dubi hoton kakanka ya gaya maka ta wane gida ce. Wanda kakarka ke tsokana ma shaida ne: Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa. Sai dai wanda ya tashi a gidan wani yakan ɗauki askar gidan, don haka a haɗa da wata shaidar.

Wa zan fara gani a makon nan?

Wanda ya fi kowa tsufa, ko da an ce ya fara rikicewa, domin irinsu kan manta abincin safe su tuna kirarin kakansu. Tafi da goro ko ɗan abin hannu, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya, ka faɗi rana da wuri da sunansa a farkon ɗaukar. Kada ka gyara masa shekara, kada ka karanta masa abin da ka gani a littafi, in ba haka ba mako mai zuwa zai maimaita maka shi a matsayin abin da ya ji daga kakansa. In gidanku na da maroƙi ko makaɗi na gado, shi ne na biyu, a biya shi ya yi kirarin gidan tun daga sama, sau biyu, a ranaku dabam-dabam, ka gwada ka ga inda suka saɓa.